Tarkacen Sararin Samaniya: Barazana Ga Jarin Nijeriya

ABUJA — Tun daga shekarar 1999 da aka kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, mai hedkwata a Lugbe cikin Abuja, Nijeriya ta zuba dukiya mai yawa wajen mallakar taurarin ɗan'adam. An harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta na 2011, sannan tauraron sadarwa NigComSat-1R a watan Disamba na wannan shekara. Abin da ke barazana ga irin wannan jari shi ne tarkacen da ya cika falaki.

Tarkacen ya ƙunshi matattun taurari, da gangar jikin rokoki, da gutsattsarin ƙarfe. Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta ƙiyasta cewa gutsattsarin da suka wuce santimita 1 sun haura miliyan 1. A falakin da ke kusa da duniya, kowane ɗaya yana gudun kimanin kilomita 28,000 cikin awa guda, don haka ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya kashe tauraron da aka kashe miliyoyin daloli wajen ƙera shi.

Haɗarin ya ƙaru a 2007, lokacin da ƙasar Sin ta tarwatsa wani tsohon tauraronta da makami mai linzami, ya fashe gida fiye da 3,000. A 2009 kuma tauraron Iridium na Amurka ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha. Kowane karo yana haifar da sabon tarkace, shi kuma ya jawo wani karon.

Matakin farko na kariya shi ne sa ido. Rundunar sararin samaniya ta Amurka tana bin sawun dubban abubuwa da na'urorin rada da madubin hangen nesa, tana kuma gargaɗin masu taurari su kauce. Amma kowace kaucewa tana cin mai, kuma man tauraro shi ne tsawon ransa.

Mataki na biyu shi ne kwashewa. A 2018 Jami'ar Surrey ta Ingila ta gwada cafke tarkace da raga, a 2021 kuma kamfanin Astroscale na Japan ya gwada maganaɗisu. Har yanzu aikin yana da tsadar gaske.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. NigComSat-1R, wanda aka ƙera don aikin shekara 15, an ajiye shi a nisan kimanin kilomita 36,000, inda tauraro ba ya faɗowa da kansa. Ƙa'ida ita ce a rage masa man da zai ɗaga shi kimanin kilomita 300 sama idan ya gama aiki, domin ya bar gurbi ga na bayansa. A 2023 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci kamfanin Dish tarar dala 150,000 saboda gaza yin haka.

Lalacewar NigComSat-1 a 2008, wata 18 kacal bayan harba shi, sakamakon matsalar faifan hasken rana, ta nuna wa Nijeriya zafin asarar tauraro. Ya kamata duk kwangilar sabon tauraro da za a ƙulla a Abuja ta tanadi kuɗi da man kawar da shi tun daga farko.