Daren Mai Ciwon Karkarwa

Da an ambaci cutar Parkinson, wadda ɗan damben nan Muhammad Ali ya yi fama da ita, hankali sai ya tafi ga hannun da ke karkarwa har shayi ya zube. Amma abin da ya fi cinye mai cutar, sai dare ya tsala yake fitowa. Ƙarancin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa shi ke sandarar da jiki, to idan maganin levodopa da aka sha da yamma ya sake shi, dattijon da ke kwance kan tabarma ba ya iya juyawa sai an juya shi. Ga fitsari na ta da shi akai-akai, makewayi kuma na can ƙarshen tsakar gida, cikin duhu. Wasu har aikata mafarkinsu suke yi, da ihu da naushi da shuri, domin abin da ke ɗaure gaɓɓai lokacin mafarki ya lalace. Wannan alama kan riga karkarwar da shekara 10 ko fiye, sai dai a gidajenmu aljanu ko sammu ake fara zargi.

Za a ce ai tsufa ne, tsoho dama barcinsa kaɗan ne, balle a bazarar Dutse da duwatsu ke amayar da zafin da suka sha da rana. Da gaskiya a ciki. Amma tsufa ba ya hana mutum juyawa a shimfiɗa, zafi kuma ba ya sa shi kai wa matarsa naushi. Wani zai ce a sayo ƙwayar barci a kemis a huta. Nan fa haɗarin yake: mutumin da dama ƙafarsa ba ta da tabbas, a ƙara masa jiri, ya tashi cikin dare, sai faɗuwa da karayar ƙugu. Rashin barcin nan kuwa shi ke haifar da gyangyaɗin rana da ƙuncin rai, har mutum ya daina fita masallaci da majalisa.

Likita na iya sauya lokutan shan magani dare ya yi sauƙi, amma sai an gaya masa, mai cutar kuma bai san abin da ya yi cikin barci ba. Saboda haka ranar zuwa Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ko na Malam Aminu Kano idan an tura shi can, kada ɗan da ke biyan kuɗin mota ya raka shi shi kaɗai. A tafi da matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ita ta san ƙarfe nawa yake farkawa.