Tsarin Shafi a Mujallar Perspecta ta Jami'ar Yale

1.0 Gabatarwa

Mujallar Perspecta ta fara fitowa ne a shekarar 1952 daga sashen koyar da tsara gine-gine na Jami'ar Yale da ke New Haven a ƙasar Amurka. Ɗalibai ne editocinta tun daga fitowar farko, kuma kowace fitowa da nata editocin. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake tsara shafukanta, domin a irin wannan mujalla ba kalmomi kaɗai ke ɗauke da saƙo ba.

2.0 Masu Tsara Shafi

A 1950 ne Josef Albers ya karɓi shugabancin sashen zane na Yale, inda Alvin Eisenman ya jagoranci koyar da fasahar tsara littattafai da haruffan ɗab'i. Saboda haka ɗaliban gine-gine suka sami abokan aiki a kusa. Norman Ives, wanda ya yi karatu a wannan sashe, shi ne ya tsara fitowar farko. Al'adar da ta ɗore ita ce, editoci su fito daga ɓangaren gine-gine, masu tsara shafi kuma daga ɓangaren zane. Tun da yake hannu na sauyawa, bango da haruffa da jerin hotuna su ma sukan sauya. Suna da lambar fitowa ne ke shaida wa mai karatu cewa mujallar ɗaya ce.

3.0 Zane a Matsayin Rubutu

Fitowa ta 2, ta 1953, ita ta fi dacewa da nazarin masana harshe. A cikinta aka buga shawarar Louis Kahn game da tsakiyar birnin Philadelphia, tare da taswirarsa ta zirga-zirgar motoci. Kahn bai zana gidaje ba, motsi ya zana. Kibiya na nuna hanyar da mota ke wucewa ba tsayawa, ɗige-ɗige na nuna inda ake tafiya ana tsayawa, layi mai murɗewa kuma wurin ajiye motoci. Wato kowace alama da ma'anarta, kuma sai an haɗa su ake samun cikakken bayani, tamkar yadda baƙaƙe da wasula ke haɗuwa su ta da kalma.

A nan nauyin mai tsara shafi yake. In ya ƙanƙantar da taswirar, ɗige-ɗigen za su cakuɗe, bambancin titi da titi ya ɓace. In kuma ya raba ta da bayaninta, dole mai karatu ya riƙa juya takarda yana neman abin da ake nufi. Ke nan girman hoto da mazauninsa ɓangare ne na hujjar marubuci, ba ado ba ne.

Ba a nan kaɗai tasirin mujallar ya tsaya ba. Fitowa ta 9/10 ta 1965, wadda Robert Stern ya yi wa edita yana ɗalibi, ta ɗauko wani yanki na littafin Robert Venturi, Complexity and Contradiction in Architecture, shekara guda kafin a wallafa shi a 1966.