Wankin Bas Ba Tare da Karce Fenti Ba: Lissafin da Masu Motocin Haya Ke Mantawa a Gombe

GOMBE — Duk mai motar haya a Herwagana, ko Bolari, ko Jekadafari ya san abin da yake kashewa a kan mai da taya da bakanike. Abin da ba safai yake shiga lissafinsa ba shi ne asarar da ake yi masa a wurin wanki, domin ba a rana ɗaya take bayyana ba. Sai ranar da aka tsayar da motar gaban dillali, hasken rana ya dake ta, aka ga jikinta ya dushe ya cika da siraran zane kamar yanar gizo, sa'an nan tayi ya faɗi ƙasa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta karye a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na fenti sun yi tashin gwauron zabi. Saboda haka fentin da mota ta zo da shi daga masana'anta ya zama jari.

Ya kamata a fara sanin abin da ake son karewa. Kaurin fentin motar zamani gaba ɗaya bai wuce kashi ɗaya ko ɗaya da rabi cikin goma na milimita ba. A samansa akwai wani shafi garai-garai marar launi, shi ne ke ba mota ƙyalli, kuma bai kai silin gashi kauri ba. Abokin gabansa rairayi ne. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ma'adinin da ya fi yawa cikin rairayi yana mataki na 7 cikin 10, watau ya fi gilashi tauri, balle fenti. Ƙurar da ke kwance a jikin mota ba ta yin ɓarna ita kaɗai. Amma da zarar an ɗora mata tsumma an ja, kowace ƙwaya ta zama ƙaramar wuƙa.

Gombe kuwa gari ne mai rairayi. Da damina ambaliya kan kwaso yashi ta zube a kan tituna. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma iskar hunturu kan kawo hazo, wanda mai yawa daga cikinsa ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Bas ɗin da ya je Bauchi ko Biu ya dawo a wannan lokaci, sai ka ce an barbaɗe shi da gari. A nan ne yaron mota kan yi babban laifi cikin kyakkyawar niyya: da asuba ya ɗauko busasshen tsumma ya goge ta kafin a ɗauki fasinja. Gara a bar mota da ƙurarta da a yi mata wannan gata.

Amma ainihin matsalar ta tattalin arziki ce. Ko da yake ana janyo wa birnin ruwa daga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, mai wankin da famfo bai kai gare shi ba dole ya saya daga 'yan ga-ruwa ko daga rijiyar burtsatse. Ana biyansa ne a kan kowace mota, ba a kan kyan aiki ba. Don haka kowace jarkar da ya rage riba ce a aljihunsa, ɓarnar kuma mai mota ne zai biya bayan shekara biyu ko uku. Bokiti guda sai ya wanke taya, ya wanke ƙofa, ya wanke gilashi. Ba mugunta ba ce. Tsarin biyan ne ya koya masa haka. Mai motar da ya tsananta ciniki har ya karya kuɗin wanki, shi da kansa ya rage ruwan da za a zuba wa motarsa.

Wankin ƙwarai yana farawa ne da kwara ruwa zalla, daga sama zuwa ƙasa, ba tare da hannu ya taɓa jikin motar ba, har sai mafi yawan ƙurar ta sauka. Wannan shi ne matakin da ya fi cin ruwa, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Bayan haka a tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwan ɗauraya. Duk lokacin da aka wanke ƙofa ɗaya ko sashe ɗaya, sai a jijjige tsumman a ruwan ɗauraya kafin ya koma cikin sabulu, don rairayin ya kwanta a gindin bokiti maimakon ya koma jikin mota. A riƙa jan hannu a miƙe, a hankali, ban da dannawa da murzawa. Ƙasan bodi da taya su ne ƙarshe, kuma da tsummansu dabam. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar.

Irin tsumman ma abin dubawa ne. Tsohuwar singileti da soson buhu ba su da wurin ɓoye ƙwayar rairayi, sai su tura ta a kan fenti. Tawul mai laushi mai gashi-gashi, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan gyaran mota, yana haɗiye ta cikin zarensa.

Manyan motoci irin su Toyota Hiace suna da tasu wahala, watau rufi. A Turai, masu motocin da ake kwana a ciki lokacin yawon hutu kan yi amfani da burushi mai laushi mai doguwar ƙota ko tsani. A nan sai yaro ya haye bisa da silifas ɗinsa cike da yashi, ko kuma a bar rufin sam, ruwan datti ya riƙa gangarowa kan gefen da aka riga aka wanke. Benci mai tsayi a gefen mota ya isa magance wannan, kuma daga rufin ake farawa.

Garin sabulun wankin tufafi yana da arha, yana kumfa, amma yana kwashe man folish da ke kare fenti, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karta. Wanki a tsakar rana shi ma asara ne, domin ruwan kan bushe kafin a tsane shi, ya bar tabon gishirin ƙasa, musamman ruwan burtsatse. Inuwa ko sassafe ya fi. Sai dai inuwar darbejiya tana zuwa da kashin tsuntsu, wanda ke cin fenti in ya kwana biyu a zafi. Jiƙa shi ake yi har ya yi laushi, ba a kankare shi.

A ganina, ɗan kasuwa mai bas biyu ko uku ya fi samun riba in ya tsayar da mai wanki guda, ya saya masa bokitai da tawul, ya biya kuɗin ruwa dabam da ladan aiki. Ta haka rage ruwa ba zai ƙara wa mai wankin ko kwabo ba. Masu wuraren wanki kuma suna da kasuwa a nan, in sun ware farashi na musamman ga mai son irin wannan aiki.

Motar da ta riga ta karce, a gwada da farce. In farce ya wuce bai maƙale ba, zanen yana shafin sama ne, folish zai iya ɓatar da shi, ko da yake kowace goga tana rage kaurin shafin, don haka ba a yawaita ta. In ya maƙale, ko an hango ƙarfe, to aikin mai fenti ne, kuma a gaggauta kafin damina ta kawo tsatsa.