Bindiga A Hannun Kowa Ba Ita Ce Tsaro Ba

Duk ranar da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, kafin a dawo daga maƙabarta za ka ji magana ɗaya tana yawo a majalisu da wayoyi: kowa ya sayar da masararsa ya sayi bindiga, matasa su shiga daji su yi wa ɓarayin nan yaƙin sunƙuru, ai da haka mutanen wasu ƙasashe suka kori waɗanda suka mamaye su. Maganar nan ta ishe ni. Da yawa daga masu yaɗa ta suna zaune a birni, ba 'ya'yansu ake binnewa ba, kuma tarihin da suke kafa hujja da shi bai faɗi abin da suke so ya faɗa ba. Yaƙin sunƙuru dai sananne ne, marar ƙarfi ya sari mai ƙarfi ya noƙe. Abin da ba a tambaya shi ne dalilin da ya sa wasu suka yi shi suka tsira, wasu kuma suka zame wa mutanensu annoba.

A duba labarin Wendell Fertig. Injiniyan haƙar ma'adinai ne ɗan Amurka, yana aiki a ƙasar Filifin lokacin da Japan, wadda kakanninmu suka je suka yaƙa a ƙasar Bama, ta afka wa ƙasar a watan Disamba 1941. A watan Mayu 1942 rundunar Amurka da ke can ta miƙa wuya, shi kuwa Fertig, mai muƙamin laftanar kanar, ya ƙi, ya ɓuya a tsibirin Mindanao. Bindiga ba ta yi ƙaranci a tsibirin ba a lokacin. Sojojin da suka watse sun tafi da nasu, kowane mai ƙarfi ya tara yaransa ya kira kansa ɗan gwagwarmaya, wasu suna ƙwace abincin manoma da sunan yaƙi da Japan. A yankin Lanao kuma Musulmi da Kirista suka shiga kashe juna, wannan ya kai hari wancan ya rama, Japanawa suna kallo. Wato shawarar da ake ba mu yau an gwada ta a can, kuma abin da ta haifar ke nan.

Da Fertig ya karɓi shugabanci a watan Satumba 1942, har ya naɗa wa kansa muƙamin janar don manyan 'yan ƙasar su saurare shi, bai fara da neman inda zai gwabza ba. Ya fara da tattara ƙungiyoyin nan ƙarƙashin umarni ɗaya. Ya maido da mulkin farar hula a yankunan da ke hannunsu, aka buga takardun kuɗi na wucin gadi ƙarƙashin wani alƙali ɗan ƙasar, Florentino Saguin, domin mayaƙi ya sayi abin da zai ci maimakon ya ƙwata. Ya shigar da Musulmi cikin rundunar da sunan 'yan'uwa a yaƙi, bai ɗauke su abokan gaba ba. Luis Morgan, jami'in da ya ɗora shi a kan kujerar kuma ya yi suna wajen tsananta wa Musulmin Lanao, da ya ƙi bin umarni sai aka raba shi da dakarunsa aka tura shi Ostareliya a 1943. Haka kuma mutanen Fertig sun harhaɗa rediyo da tarkace, suka yi ta kira har hedikwatar babban kwamandan Amurka, Janar MacArthur, ta amsa a farkon 1943. MacArthur bai amince masa da muƙamin janar ba, amma ya naɗa shi kwamandan yankin, ya fara aiko da makamai da magani ta jiragen ƙarƙashin ruwa, tare da umarni mai ɗaci ga masu zafin kai: a rage faɗa, a yawaita aiko da labarin motsin jiragen Japan. Kafin ƙarshen yaƙin Fertig yana da mutum sama da 30,000. Duk da haka ba su suka kori Japan su kaɗai ba, sai da cikakkiyar rundunar Amurka ta sauka a tsibirin a 1945.

Mai karatu daga Faskari zai ce to mu ina MacArthur ɗinmu? Mun kira ba a zo ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa kwana a gona don tsoron gidansa ba ba shi da bakin raina shi. An kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, yara 344 aka dawo da su bayan kwana shida. An yi sulhu da 'yan bindiga a 2019 ya wargaje. An katse layukan waya a 2021 hari bai tsaya ba, har gwamnan jihar na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce jama'a su nemi makamin kare kansu. Kare kai da iyali halal ne a addini da doka, ba shi nake suka ba. Abin da nake suka shi ne bindigar da ba ta da shugaba, wadda ba a rubuta sunan mai riƙe da ita ba, ba kuma wanda zai tuhume shi in ya yi ɓarna. Mun ga aikinta. A kama Bafulatani a kasuwa don kawai kamanninsa, a kashe shi ba shari'a, a ƙone ruga, bayan kwana biyu a zo a tashi ƙauye guda da sunan ramuwa, wanda ya yi kisan kuma ya riga ya gudu ya bar mata da tsofaffi. A Filifin Bajapane baƙo ne, ana gane shi daga nesa. Namu maƙiyin ba a gane shi ta fuska ko harshe: makiyayin da aka kore wa shanu yana cikin waɗanda aka zalunta, infoman da ke nuna gidan mai kuɗi kuma sau da yawa ɗan gari ne da ake sahu ɗaya da shi a masallaci. Talauci, rashin adalci da safarar makamai duk suna da hannu, amma wannan zance ne na wata rana.

Saboda haka matashin da ke jin zai iya, ya bi ta ƙofa. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba 2023 da mutum kusan 1,500, akwai kuma 'yan banga masu rajista. Garin da ya kafa masu gadi, mai gari da limami da dattawa su rubuta sunan kowa, su san wa ke riƙe da me, su kai takardar ga hakimi da ofishin 'yan sanda. Kada a ɗauki mai shaye-shaye ko wanda aka san yana da tsohuwar gaba da wani gida. A tsare gari, kada a bi ɓarawo cikin dajin Rugu. Wanda aka kama a miƙa shi da ransa, a kuma bi sawun shari'arsa don kada ya dawo ta bayan gida. A sa ardo cikin kwamitin tsaro, domin ya fi kowa sanin baƙon da ya sauka a daji. Abincin masu gadi da man babur su fito daga asusun da kowa ya san lissafinsa, kada a kafa shinge a hanya ana tatsar direbobi. A ware mutum biyu ko uku amintattu masu kai labari ga jami'an tsaro, sauran jama'a su kame bakinsu, musamman a Facebook.

Ku kuma hukumomi, wanda ya kawo labari ku rufa masa asiri, in an kira ku cikin dare ku zo cikin daren. Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, duk wanda ya ce ku sayi bindiga, ku tambaye shi wa zai shugabance ta, wa kuma zai hukunta mai ita in ya kashe marar laifi.