Jan Launi a Taswirar Talabijin Ba Katanga Ba Ne



Duk wanda ya taɓa kallon hasashen yanayi a talabijin ya ga yadda ake shafa wa taswirar Nijeriya launuka, sau da yawa ja a inda ake tsammanin ruwa mai ƙarfi. Mutum ya duba, ya ga garinsu bai shiga cikin jan ba, sai ya ja bargo ya kwanta. Nan kuskuren yake.

Taswirar tana nuna inda ruwan sama zai zuba ne, ba inda zai gangara ba. Gulbin Zamfara daga gabas yake tasowa, ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum kafin ya kai Gummi. Saboda haka ana iya kwana ana ruwa a Anka, gari ya waye tas a Gummi, amma gulbi ya cika ya shiga fadama da gidajen da ke bakinsa. Wanda ya ga ambaliyar Agusta 2024, wadda ta rushe dubban gidaje a Gummi, ya san abin da ruwa yake yi wa ginin ƙasa.

Ba mu kaɗai muke wannan kuskure ba. A Amurka, idan guguwar teku ta taso, talabijin kan nuna zane mai kama da mazurari. Zanen yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, amma mutane da yawa sukan ɗauka duk wanda yake wajensa ya tsira, alhali iska da ruwa suna wuce iyakarsa nesa. Masu wutar lantarki dare da rana ke nan, balle mu.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma na ambaliya. Muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa bin su a rediyo, ya sanar bayan sujada da Hausa mai sauƙi. Fastoci da dattawan da ke gabas, idan gulbi ya fara hawa, ku buga wa na yamma waya nan take. Zumuntar mata ta san gidajen tsofaffi da gwauraye da ke kwari. A fara da su. Hatsi, takardu da awaki a kai su tudu tun da rana, domin kun san halin hanyoyinmu da dare.