Tsofaffin kuɗin ƙarfe na ƙasar Sin: abin lura kafin ka saka kuɗinka

'Yan'uwa mazauna Kudu, musamman masu harkar tsofaffin kaya da 'yan gwangwan, akwai wata haja da ake yawan tallatawa a intanet: tsofaffin kwabban ƙasar Sin masu huda mai kusurwa huɗu a tsakiya. Kusan kamar aninin da kakanninmu suka kashe, sai dai hudar anini zagayayya ce.

Waɗannan kwabbai zubi ake yi musu. A narka ƙarfe, a zuba cikin mazubi, sannan a zura su a igiya, bisa al'ada dubu a tsarkiya guda. Akasarinsu na tagulla ne, amma a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, tagulla ta yi ƙaranci, sai aka riƙa zuba na baƙin ƙarfe, musamman a lardin Sichuan. Ga nauyi, ga ƙarancin daraja. Abin ya ishi fataken birnin Chengdu, har suka koma ajiye ƙarfen a kantuna suna karɓar takardar shaida. A 1024 gwamnati ta fara fitar da nata takardun, kuma daga nan kuɗin takarda ya samo asali. An sake zuba na ƙarfe bayan 1850, lokacin da tawayen Taiping ya toshe hanyar tagulla.

To, me ya sa masu tarawa ke nemansu? Baƙin ƙarfe yana tsatsa, don haka wanda rubutunsa ya fito sarai ya fi wuyar samu. Rubutun nan, yawanci haruffa huɗu, shi ke nuna zamanin sarkin da aka zuba shi.

Ni a kara na tashi, kuma a can ba a sayen sa sai an duba haƙora. Haka nan ma. Kara masa maganaɗisu: in bai kama ba, ba baƙin ƙarfe ba ne. In ya kama kuwa, da sauran aiki, don jabu ma da ƙarfe ake yi. Kwatanta nauyi da rubutu da na littattafan masana, kuma ka guji mai ce maka kowane kwabo miliyoyi ne. Da yawansu araha ne, don da tarin yawa aka zuba su.

In ka samu na gaske, kada ka kankare shi, darajarsa za ka kankare. Adana shi a busasshen wuri, don danshin Legas ko Fatakwal ba ya raga wa ƙarfe.