Doxycycline: tsohon maganin ƙwayoyin cuta da ake gwadawa kan ciwon daji

Tambayar ƴar shekara 8 ce ta buɗe hanya. Farfesa Michael Lisanti, wanda a lokacin yake binciken ciwon daji a Jami'ar Manchester ta Ingila, ya tambayi ƴarsa yadda za ta warkar da kansa, ta ce a ba marar lafiya antibiyotik kamar yadda ake ba ta in maƙogwaro na mata ciwo. Amsar yara ce, amma shi da abokiyar aikinsa Federica Sotgia suka kai ta ɗakin gwaje-gwaje.

Cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu ƴan ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su ne ke samar mata da ƙarfi, kamar janareto a gida. Masana sun yarda cewa asalinsu bakteriya ne da suka zauna cikin ƙwayoyin halitta tun zamani mai nisa, kuma har yau suna kama da kakanninsu. Don haka maganin da ke hana bakteriya girma yana iya taɓa su. Cikin ƙarin kansa kuwa akwai wasu ƙwayoyi kaɗan da ke zama iri: su ne ke tsira bayan magani, su sake tsiro, su bazu. Waɗannan sun dogara sosai da janareton nasu.

A 2015 tawagar ta bayyana cewa magunguna irin su doxycycline da azithromycin sun daƙile waɗannan ƙwayoyin iri a nau'o'in kansa 8, ciki har da na mama, huhu da mafitsarar maza. Sai dai a cikin kwanon gwaji ne, ba a jikin mutum ba.

Gwaji kan mutane ya zo a 2018 a birnin Pisa na Italiya. Mata 9 masu kansar mama sun sha doxycycline kwana 14 kafin tiyata, aka kwatanta su da 6 da ba su sha ba. A jikin 8 daga cikin 9, alamar ƙwayoyin irin ta ragu. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mata 15 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma alama aka auna, ba warkewa ba. Dukkansu an yi musu tiyatarsu.

Abin da ke jan hankali shi ne arha. Doxycycline tsohon magani ne tun shekarun 1960, matafiya ma na shan sa don rigakafin masassarar cizon sauro. Nan ne kuma haɗarin yake a wurinmu, inda ake sayen antibiyotik a tiren ƴan talla ba takardar likita. Mai ƙari a mama da ta tsaya shan ƙwayoyi tana ɓata watannin da tiyata za ta iya cetonta, ga maganin bai dace da masu ciki da yara ƙasa da shekara 8 ba. Tun 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai na yin gashin kansa da na'ura.